Wa Ya Tsaya Masa? Darasi a Kan Waya, Amana da Zamanmu a Kurmi

  

'Yan'uwa, da iyayenmu mata da ake kai wa wannan takarda cikin gida, darasinmu na wannan Juma'a a kan wayar da ke aljihunmu ne. Duk lokacin da maganarta ta taso a majalisa, jama'a kan rabu gida biyu. Dattawa su ce ita ta lalata yara, ta cire kunya, ta kashe zumunci. Matasa su yi murmushi su ce, Baba ai zamani ne ya zo, wanda bai bi shi ba a tasha za a bar shi. A yi ta ja har a kira sallah, kowa ya tashi da abin da ya zo da shi. Kuma da mai zagin wayar da mai yabonta, duk sai sun latsa ta kafin su kai ƙofa.

Akwai tambayar da ta fi wannan gardama amfani, kuma a kasuwa muka gaje ta. In baƙo ya zo neman kaya bashi, me ake fara tambaya? Wa ya san shi? Wa ya tsaya masa? In ya gudu, wa za a riƙe? Wannan tambaya ita za mu ɗauka yau mu auna waya da ita, da kuɗin da ke bi ta cikinta, da labarin da take kawo mana.

Kakanninmu da sabon abu

Masu cewa riƙo da gargajiya shi ne gudun sabon abu ba su san tarihin wannan zango ba. Fataken goro sun ɗauki ɗaruruwan shekaru suna takawa da jakuna zuwa Gwanja, tafiyar watanni. Da jirgin ruwa ya zo, Alhaji Alhassan Ɗantata, mutumin Bebeji, yana cikin na farko-farkon da suka riƙa loda goro daga gaɓar ƙasar da yau ake kira Gana zuwa Ikko ta ruwa. Da layin dogo ya isa Kano a 1911, bai tsaya kukan jakuna ba, ya shiga cinikin gyaɗa, har ya rasu a 1955 ana lissafa shi cikin attajiran da babu kamarsu a Afirka ta Yamma. Wannan jirgin ƙasa shi ya cika unguwanninmu na Kurmi da mutane. An kafa Sabon Badun a 1916, Agege da Shagamu kuma suka bunƙasa da cinikin goro. Daga baya babbar mota ta zo aka hau, rediyo ya zo aka rataya a kafaɗa. Ba wanda ya ce haramun ne.

To amma akwai abin da ba su bari jirgi ya tafi da shi ba. Wani malamin jami'a daga Ingila mai suna Abner Cohen ya zauna a Sabon Badun tsakanin 1962 da 1963 yana nazarin yadda Hausawa ke tafiyar da cinikin shanu da goro, ya fitar da littafi a kai a 1969. Abin da ya bayyana, dattawanmu sun san shi kamar yunwar cikinsu. Mai shanu zai taso daga Arewa da garke. Ba zai iya ajiye su su jima ba, saboda ƙudan tsando zai sa musu sammore su rame. Dole ya sayar da wuri. Mahautan gari kuma Yarbawa ne, bai san su ba, ba ya jin yarensu, kuma ba su da kuɗi a hannu sai sun yanka sun sayar. Ke nan dole a ba da bashi, bashin dukiya mai yawa, ga mutumin da ba ka taɓa gani ba. Babu takarda, babu banki, babu lauya. Ta yaya abin ya yi aiki shekara da shekaru?

Ta hanyar mai gida ne. Shi zai sauke baƙo, ya ciyar da shi, ya ajiye masa kuɗinsa. Dillalansa kullum suna kara, sun san wane mahauci ke biya a kan lokaci, wane ne bashi ya yi masa katutu, wane ne ya yi sabon aure kuɗi ya yi masa ƙaranci. In mahauci ya ƙi biya, mai gida ne zai san yadda zai yi baƙonsa ya koma da haƙƙinsa, ko da daga aljihunsa ne, shi kuma mahaucin a ƙaurace masa a kasuwa. Me ya sa mai gida zai yarda da wannan nauyi? Saboda jarinsa sunansa ne. Ya cuci baƙo ɗaya, kafin wata ya zagayo labari ya kai Kano da Nguru, ba wanda zai sake sauka gidansa.

Kada wani ya ɗauka zamanin waliyyai muke ba da labari. An yi masu gida azzalumai, an yi dillalai masu cin baki biyu, kuma yaron da ba shi da ubangida yakan sha wuya kafin ya sami ƙafar tsayawa. Sai dai ko macucin wancan lokaci yana da gida, yana da unguwa, yana da masallacin da yake sallah, yana da sarkin da za a kai ƙararsa. Ana iya riƙe rigarsa.

Abin da shari'a ta tanada

Wannan tsari yana da tushe a addini. An ruwaito cewa wani mutum ya zo ba da shaida gaban Sayyidina Umar, Allah Ya ƙara masa yarda. Umar ya ce bai san shi ba, ya kawo wanda ya san shi. Wani ya tashi ya ce shi ya san shi da kirki. Sai Umar ya tambaye shi abu uku: ko maƙwabcinsa ne na kusa da ya san shigarsa da fitarsa, ko sun taɓa yin tafiya tare, ko sun taɓa hulɗar dinari da dirhami. Duk ya ce a'a. Umar ya ce masa ashe bai san shi ba. A wata ruwayar ma ya nuna masa cewa ganin mutum yana ruku'u da sujada a masallaci bai isa a ce an san shi ba. To ina ga wanda abin da ka sani game da shi hoton rawani ne a kan WhatsApp, da ayar da ya liƙa ƙarƙashin sunansa?

Aya mafi tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a Suratul Baƙara, a kan bashi take. Ta yi umarni da a rubuta shi, ƙarami ko babba, da lokacin biyansa, wanda ake bi shi ya yi shifta, a kuma kafa shaidu. Ta sassauta a cinikin hannu da hannu. Ayar da ke biye ta kawo jingina ga matafiyan da ba su sami marubuci ba. A littattafan fiƙihun da muke karantawa a zaure akwai babi guda na lamuni, kuma hukuncinsa a fili yake: wanda ya tsaya wa mutum, in abin ya ɓaci, shi zai biya. Tsayawa ba alfarmar baki ba ce.

A nan ma sai mu faɗi gaskiya, kakanninmu sun riƙe shaidu da lamuni da kyau, amma sun yi sakaci da rubutu. Gidaje nawa suka watse bayan rasuwar Alhaji saboda bashin da ke cikin kansa kawai? A riƙe wannan, za mu dawo kansa.

Haka abin yake a ɓangaren labari. Malaman hadisi sun gina ilimi sukutum a kan tambaya ɗaya: wa ya faɗa maka, shi kuma wa ya faɗa masa? Shi ne isnadi. Muhammad bin Sirin, wanda ya rasu a shekara ta 110 bayan hijira, ya bayyana cewa da fitina ta auku ne aka fara matsa wa masu ruwaya su ambaci mutanensu. Ruwayar mutumin da ba a san ko wane ne ba, majhuli, ba a kafa hujja da ita. Aya ta 6 a Suratul Hujurati kuwa ta umarce mu da bincike idan wanda ba amintacce ba ya zo da labari, don kada mu afka wa mutane cikin rashin sani mu dawo muna nadama. Malaman tafsiri da yawa sun ambata cewa ta sauka ne a kan wani da aka aika karɓar zakka wurin Banu Musɗaliƙ, ya dawo da rahoton cewa sun hana, har aka kusa tura musu runduna, alhali ba haka ba ne. Labari ɗaya, saura kaɗan a zubar da jinin Musulmi.

Sabon mai masauki

Wayar salula ta shigo Najeriya a 2001, kuma wanda ya ce ba ta amfane mu ba bai yi adalci ba. Da can sai ka ba direba wasiƙa ko kaset ka jira sati biyu. Yau kana Mile 12 ka ji farashin tumatir a Kadawa kafin ka karya kumallo. Ka aika wa tsohuwa kuɗin magani cikin minti ɗaya, ba tare da yaro ya ɗaura kuɗi a ƙugu ya bi hanyar 'yan fashi ba. Wannan ni'ima ce, a gode wa Allah.

Amma mu duba inda muke sauka in mun shiga cikinta. Facebook, TikTok, YouTube da sauransu masauki ne, kamar gidan mai gida: nan ake haɗuwa, nan ake ciniki, nan ake jin labari. Bambancin shi ne wannan mai masaukin ya nemi a rubuta masa a doka cewa ba ruwansa da abin da baƙinsa suka yi, kuma an rubuta. A 1996 majalisar Amurka ta yi wata doka ta sadarwa, a cikinta akwai sashe na 230. Ma'anarsa a taƙaice: kamfanin intanet ba za a ɗauke shi a matsayin wanda ya wallafa abin da wani ya rubuta a dandalinsa ba. Jarida in ta buga ƙazafi ana kai ta kotu. Shi kuwa wannan an ɗauke masa. A kan wannan sashe manyan kamfanonin suka yi ƙiba. Har yau ana ta rigima a kansa a can. Masu ra'ayin riƙau na cewa kamfanonin na toshe musu baki, 'yan ɗaya ɓangaren na cewa kamfanonin sun bar ƙarya da ƙiyayya suna yawo. Trump da Biden, da ba sa ga maciji da juna, kowannensu ya taɓa kiran a soke sashen, kowa da dalilinsa. Rigimarsu ce, ba sai mun zaɓi ɓangare ba. Abin da ya shafe mu shi ne mu san gidan da muka sauka.

Kuma ta ina yake cin la'adarsa, tunda ba ka biya shi ba? Banza dai ba ta kai zomo kasuwa. Kusan duk kuɗin kamfanin Facebook daga talla yake zuwa, tallar kuma gwargwadon daɗewarka kana kallo ne. Don haka na'urarsa ke zaɓo maka abin da zai hana ka ajiye waya. A 2021 wata tsohuwar ma'aikaciyar kamfanin mai suna Frances Haugen ta fitar da takardunsu na cikin gida. Daga abin da aka gani, akwai lokacin da lissafin na'urar ke ba alamomin nuna motsin rai, har da fuskar nan ta fushi, maki biyar, ita kuwa alamar babban yatsa maki ɗaya. Daga baya sun rage. Amma ka yi tunanin mai gidan da cinikinsa ke ƙaruwa duk ranar da baƙinsa suka yi faɗa. Za ka kwana a gidansa da ido biyu a rufe?

Inda ake zuba kuɗi

A 2016 aka yi MMM. Alkawarinsu ribar kashi 30 cikin ɗari a wata. Wanda ya ƙirƙiro shi, Sergei Mavrodi, ɗan Rasha ne da aka riga aka ɗaure a ƙasarsa kan irin wannan damfara mai wannan sunan. Wato da an yi tambayar kasuwa, wa ye shi, da amsar na nan a fili. A watan Disamba na shekarar suka kulle asusun jama'a ana shirin bukukuwan ƙarshen shekara. Hukumar inshorar ajiyar banki ta ƙasa ta ƙiyasta cewa mutum kusan miliyan 3 sun yi asarar naira biliyan 18. Aka ce an ɗauki darasi. Ba a cika shekara tara ba sai ga CBEX, a sabuwar riga: kuɗin kirifto, da wai ƙirƙirarriyar basira ce ke yi maka ciniki, kuɗinka ya ninka cikin wata guda. A watan Afrilun 2025 ta rufe. Fusatattun mutane suka afka wa ofishinsu da ke Oke-Ado a Badun suka kwashe abin da suka samu. Kujera da fanka ne za su biya jarin shekara goma?

Ku lura da yadda waɗannan abubuwa ke shiga unguwa. Ba wanda Mavrodi ya kira a waya. Ɗan'uwanka ne, abokin sahunka, matar wanka a zauren adashi, su ne suka nuna maka alat ɗin da ya shigo musu. Su ma ba da niyyar cuta suka yi ba, an biya su ne da kuɗin waɗanda suka shigo bayansu, kuma ana ba su kamasho a kan duk wanda suka kawo. Wato 'yan damfarar ba su da amana tasu, sai suka ari tamu, wadda aka gina cikin shekara ɗari, suka kashe ta cikin wata shida. Ka ga an raba tsayawa gida biyu: ɗan'uwanka ya ba da fuskarsa, amma bai ɗauki lamuni ba. Ranar da abin ya rushe sai ya ce, wallahi ni ma nawa ya tafi.

Hukuncin irin wannan ba ya buƙatar dogon bincike. Kuɗi ne ake ba da shi don a dawo da fiye da shi, babu haja, babu ɗaukar asara, wannan riba ce. Abin da aka ba na farko kuma dukiyar na ƙarshe ce, wannan cin dukiyar mutane ne da ɓarna, wanda aya ta 29 a Suratun Nisa'i ta hana. Wanda ya ci kamashon jawo mutane, ya nemi malami ya tambayi yadda zai mayar. Manhajojin ba da rance ma 'yan gida ɗaya ne: ruwa mai yawa cikin sati ɗaya ko biyu, in ka makara su aika wa duk lambobin da ke wayarka cewa kai ɓarawo ne, har da surukinka. Sai da hukumar kare haƙƙin masu saye ta kai samame ofisoshin wasunsu a Ikko a 2022. Alat na bogi kuwa, tun ƙarancin takardun naira na farkon 2023 da ya tilasta mana tiransifa, ba sai an ba ɗan kasuwa labarinsa ba.

Inda ake zuba jini

Asarar kuɗi ana mayarwa. Wannan ɓangaren shi ya fi ba ni tsoro, domin mu baƙi ne a nan, iyalanmu kuma suna kan hanya kullum tsakanin Kudu da Arewa.

Da yawanmu na tuna daren watan Agustan 2014 da aka yi ta tashin mutane a waya, wai a yi wanka da ruwan gishiri a sha, maganin Ebola ne. Kowa daga masoyinsa ya ji. Aƙalla mutum biyu suka mutu, wasu da dama aka kwantar a asibiti. Wa ya fara faɗa? A daren ba wanda ya tambaya.

A watan Yunin 2018 an kai hari ƙauyukan Gashish a Barikin Ladi ta Jihar Filato, an kashe mutane da yawa, wannan gaskiya ne. Sai hotuna suka cika Facebook ana cewa na harin ne. Binciken BBC ya gano cewa ɗaya daga cikin waɗanda suka fi tayar da hankali, bidiyon wani mutum da aka sassara wa kai, daga Kongo Barazabil yake, tun 2012. Matasa suka tare hanyoyi a kewayen Jos suna fito da matafiya daga motoci suna kashewa, mutanen da ba su san hawa ba, ba su san sauka ba. Kada kuma mu karanta wannan mu ce halin wasu ne. Irin wannan hoto in ya zo da rubutun cewa 'yan'uwanmu ne aka yi wa, mu ma hannunmu rawa yake wajen turawa.

Shasha kuwa a gabanmu aka yi. Fabrairun 2021, cacar baki a bakin shago, wani mai gyaran takalma ya rasa ransa, kafin kwana biyu kasuwar da ke ciyar da Badun da tumatir da albasa ta kama da wuta. An rasa rayuka ta kowane ɓangare, jama'a suka yi gudun hijira zuwa gidan Sarkin Shasha, sai da gwamnonin Arewa suka zo suka zauna da gwamnan Oyo. Duk mai waya ya san irin saƙonnin muryar da suka yi ta yawo a kwanakin, da Hausa da Yarbanci, kowane na ƙara adadin gawa, kowane na cewa a shirya. Masu irin wannan murya galibi ba su da rumfa a Shasha. Wanda zai biya kuɗin maganarsu shi ne mai shayi da ke kwana a bakin titi, da direban da ya taso daga Sakkwato bai ma ji abin da ya faru ba.

Hausawa na cewa gani ya kori ji. Karin maganar nan ta tsufa a hannunmu, tunda yanzu na'ura na iya ƙera muryar malami da fuskarsa ya faɗi abin da bai taɓa faɗa ba. Bidiyo ma ya zama ji, yana buƙatar isnadi.

Wani zai ce gwamnati ta rufe su mana kowa ya huta. An gwada. A watan Yunin 2021 gwamnatin Buhari ta dakatar da Twitter bayan kamfanin ya goge wani saƙon shugaban ƙasa, aka yi wata bakwai. Masu so suka bi ta bayan gida suka ci gaba da shiga, jita-jita ba ta ragu ba. Kuma sandar da ka miƙa wa gwamnatin da kake so, tana nan a ofis ranar da wadda ba ka so za ta hau. Shi kansa WhatsApp, bayan kashe-kashen da jita-jitar satar yara ta jawo a Indiya, ya taƙaita tura saƙo zuwa wuri biyar a lokaci guda daga 2019, ya kuma sa alamar kibiya a kan saƙon da aka turo. Alamar nan tana da amfani in an san karatunta. Da harshen malaman hadisi, cewa take yi: mai wannan magana majhuli ne.

Mayar da mai tsayawa

Tunda mai masaukin ya ce ba ya lamuni, sai mu mayar da lamunin a tsakaninmu. Wanda ya tura saƙo, ya sani ya zama mai ruwaya. Rubuta "kamar yadda na samu" a ƙasa ba ya wanke shi. Hadisi ya tabbata a gabatarwar Sahihu Muslim da ke nuna cewa ba da labarin duk abin da mutum ya ji ya ishe shi zama maƙaryaci. Wanda kuma ya buɗe guruf yana admin, mai gida ne, ko ya so ko bai so ba. In aka tallata harkar ninka kuɗi a zaurensa ya yi shiru, ko aka sa hoton gawa babu wuri babu rana ya bar shi, da saninsa aka yi.

Akwai tambaya mai nauyi a nan, kuma an sha yi mana ita: Malam, in labarin gaskiya ne fa? In aka ce an tare hanya a wuri kaza, na yi shiru, ɗan'uwana ya faɗa ciki? Wannan tsoro ne na gaske, shiru ma yana kisa. Aya ta 83 a Suratun Nisa'i ta zargi masu watsa labarin aminci ko na tsoro da zarar ya zo musu, ta nuna a mayar da shi ga shugabanni da masu iya tace shi. Ke nan ba a ce ka zauna a kan labari ba, an nuna maka inda za ka kai shi. Wayar da ta kawo jita-jitar, ita ce kuma za ta kira maka mutumin da ka sani da suna a garin, ko shugaban direbobi a tasha, ko fadar Sarkin Hausawa, cikin minti biyu. Ba garin da ke kan hanyar nan da ba mu da mutum a cikinsa. In ka tabbatar, faɗi da sunanka da muryarka: ni wane, na yi magana da wane da ke wuri kaza da ƙarfe kaza, ga abin da ya gani da idonsa. Ka tsaya a nan, kada ka ƙara gishiri, kada ka ambaci ƙabila in ba dole. Kuma yana da kyau shugabannin kasuwa su riƙe lambobin takwarorinsu na 'yan gari tun ana zaman lafiya, ranar tashin hankali ba ranar neman lamba ba ce.

A harkar kuɗi, tambayoyin Sayyidina Umar sun wadatar, a ƙara da ta kasuwa: mece ce hajar, ina take, wa ke ɗaukar asara? Wanda ya kawo maka harka yana rantsuwa, ce masa, Alhaji, ka yarda ka yi lamuni a rubuce gaban shaidu biyu? In ya fara kame-kame, ka sami amsarka, kuma zumuncinku bai taɓu ba. Kaya kuma kada su bar rumfa sai ka buɗe asusunka da kanka ka ga kuɗin sun zauna, ba hoton rasit a wayar mai saye ba.

Sai maganar rubutun da muka ce za mu dawo kanta. A nan waya ta ba mu abin da kakanninmu ba su samu ba. Ba ka da uzurin rashin marubuci. Ka ba da buhu hamsin bashi, sai wanda ya karɓa ya yi saƙon murya da bakinsa, tunda ayar ta ce shi zai yi shifta: sunansa, adadin kaya, kuɗin, ranar biya. A tura wa mutum biyu da kuka yarda da su, su amsa cewa sun ji sun shaida. A kuma shigar da shi littafi, domin waya na faɗawa ruwa, ana kuma sace ta. Babban ɗanka ko wani amintacce ya san inda littafin yake. Wasu na jin nauyin neman wannan daga abokin ciniki na shekara ashirin, wai kamar rashin yarda ne. Ka ce masa ba don shi ba ne, don magadanku ne, kai da shi.

Maganar waya a hannun yara da matan gida, da yadda wasu ƙasashe irin Ostireliya suka fara kafa dokar shekaru a kan shafukan sada zumunta, tana buƙatar zama nata daban. Za mu ɗauke ta Juma'a mai zuwa in Allah Ya kai mu. Mai tambaya a kan hukuncin kamashon da ya riga ya ci, ya samu liman bayan sallar La'asar, ba sai a gaban jama'a ba.

Allah Ya tsare mu da iyalanmu, Ya zaunar da ƙasarmu lafiya.